Babu Ƙwararre a Oko-Oba

Ranar da Madam Ronke ta haska taswirar Agege a bangon ofishinmu, ta ɗora kan biro a daidai Oko-Oba ta ce wurin babu ƙwararrun mahauta, ruwa nake sha, saura kaɗan ya biyo mini ta hanci. Oko-Oba fa, inda in ka tsaya da safe kafin ka gama gaisawa da mutum biyu an kayar da bijimi, an feɗe shi, an kasa. A nan yayana Sadisu yake tsaye da wuƙa a hannu tun ban san kaina ba.

Sunana Mastura, a Agege aka haife ni, kuma aikina a wannan ofishi na Ikeja shi ne kwaso bayanai daga shafukan neman aiki na intanet. A gefe guda muna tara tallan guraben aiki da kamfanoni ke sakawa, a ɗaya gefen kuma abin da masu neman aiki suka rubuta a kan kansu. Sai mu auna mu ga inda aka samu giɓi: wace sana'a ake nema, wace ce ba ta da masu yi. Wannan karon wani kamfani ne zai buɗe wurin sarrafa nama a kusa da Agege, irin wanda ake cire ƙashi, a yanka tsoka, a zuba a leda a kai manyan kantuna. So suke su sani ko akwai gwanaye a unguwar ko sai sun horar da mutane daga farko.

Bara wata ƙungiya ta shiga mayankar ta yi wa mahauta rajista a wata manhajar neman aiki. Kowa ya ba da sunansa da lambar wayarsa, sannan ya zaɓi matakinsa a cikin uku: mai koyo, matsakaici, ƙwararre. Daga nan muka ɗebo bayanan. Mahautan Hausawa ɗaruruwa, kusan dukkansu mai koyo suka zaɓa. Waɗanda suka ce su ƙwararru ne ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma sunan farko a cikinsu Misbahu ne.

Na san Misbahu, ajinmu ɗaya a firamare. Ya yi 'yan watanni a hannun Yaya Sadisu, ya ce warin tumbi na tayar masa da zuciya, ya koma okada. Da aka takura wa okada a manyan tituna ya dawo yana tura nama a baro. Shi ne ƙwararren Oko-Oba a allon Madam Ronke.

“Madam, wannan lissafin ba daidai ba ne,” na ce. “Na san mutanen nan. Wasunsu sun fi shekaruna suna wannan aikin.”

“To me ya sa suka ce koyo suke?”

“Haka mutanenmu suke magana.”

Ta cire tabarau ta dube ni. Madam Ronke ba muguwa ba ce, kuma wannan ya ƙara ɓata mini rai, don da muguwa ce da na san da wa zan yi faɗa. Ta ce, “Mastura, ba zan rubuta wa mutum abin da bai faɗa a kan kansa ba. In na yi haka yau don kin san su, gobe wani zai zo da nasa sanin. Kamfanin daga manhajar zai ɗauki ƙwararru kai tsaye, masu koyo kuma su shiga horo, in an gama a duba wanda za a riƙe. Tsakar ranar Juma'a za su rufe. Jeki ki gaya wa mutanenki su gyara da hannunsu.”

Ban tsaya ta mutanena ba, ta mutum ɗaya na tsaya. Bayan Yaya Sadisu ya lalace. Shekarun da ya yi yana saɓa cinyar bijimi a kafaɗa a kan siminti mai santsi sun tarar masa a ƙugu, har likita ya ce in bai daina ɗaukar nauyi ba wata rana ba zai tashi daga shimfiɗa ba. Matarsa Radiyya ta gaya mini sai ya dafa bango yake miƙewa daga sujada. A sabon kamfanin kuwa nama a jikin ƙugiya yake tafiya a sama, mai yanka ba ya ɗaukar komai sai wuƙarsa, ga katin asibiti. Shugaban masu yanka suke nema, kuma duk Legas ban san wanda aikin ya fi dacewa da shi ba. Abin da ke tsakaninsa da wurin kawai ya taɓa allon waya da ɗan yatsa.

Na nemi izini na hau danfo, motar hayar Legas. Ko canjin da kwandasta ya riƙe mini ban tsaya karɓa ba.

Na same shi bayan azahar, kasuwa ta lafa, yana zaune a kan kifaffen bokiti yana wanke wuƙaƙe. Ya ɗaure ƙugu da ɗamarar asibiti a ƙarƙashin riga, yana ganin kamar ba a gani. Ƙudaje sun yi baƙi a kan teburin, ruwan jini na bin kwata, ni kuma ga ni da takalmin ofis.

“Auta, lafiya da rana tsaka?”

“Ba ni wayarka, Yaya.”

Ya goge hannu ya miƙo. Na buɗe manhajar na juya masa fuskar wayar. “Wa ya danna wannan?”

“Ni ne. Yarinyar da ta zo ta karanta mini guda uku, na zaɓi nawa.”

“Naka? Shekara ashirin da ɗoriya kana fiɗa, mai koyo ne naka?”

“Ni yaron Baba ne. Duk mayankar nan kowa ya sani.”

“Na'ura ba ta san Baba ba.”

“To wannan kuma laifin wa?” ya ce, ya ci gaba da wankinsa.

Baba da yake faɗa shi ne Alhaji Sunusi, aminin mahaifinmu. Da ciwon ajali ya kama Babanmu, hannun Yaya ya kama ya saka a na Alhaji Sunusi, lokacin ko gemu bai fara ba. Tun daga nan a teburinsa yake. Yau Yaya yana da furfura a haɓa da 'ya'ya huɗu, amma in ka tambaye shi ko shi waye, yaron Baba ne.

Na yi masa bayani dalla-dalla, kamfanin da ƙugiyar da katin asibitin da ranar Juma'a. Ya saurara, na ga idonsa ya ɗan yi haske da na ambaci ƙugiyar. Yana so, wallahi yana so. Na ɗora yatsa a kan allon na ce to bari in gyara, sai ya kama wuyan hannuna da jiƙaƙƙen hannunsa, ya zare wayar a hankali ya jefa aljihu.

“Ba mutum ke faɗin ya iya ba, Auta. Maigidansa ke faɗa, a gaban mutane. Baba na da rai, bai sallame ni ba, sai in je in rubuta wa duniya ni ƙwararre ne? Da wane ido zan kalle shi gobe da asuba?”

“Misbahu ya rubuta.”

“Misbahu ɗan Legas ne.”

“Kai fa a ina aka haife ka, a Makka?”

Ya yi dariya, ni kuwa kamar in kwashe bokitin daga ƙarƙashinsa. Na ce to ya tashi mu je wurin Baban ya roƙi sallama. Nan take dariyar ta ɗauke. Ya dube ni kamar na ce ya je ya mari tsohon.

“In roƙa? In ce masa na gaji da cin abincinsa ke nan? Ke dai boko ya gama da ke. In lokaci ya yi shi zai faɗa.”

A wannan wajen Yarbawa sun huta. Ranar da yaro ya shiga koyon sana'a an san ranar fitarsa, in ta zo a kafa rumfa a yi abin da suke kira firidom, a ci shinkafa, a miƙa masa takarda, kowa ya kama gabansa. Mu kuwa sai mu zauna muna jiran lokaci ya yi, kuma babu wanda ya san mai riƙe da agogon. Na bar wurin ina magana ni kaɗai, har wani mai ɗaukar fata ya kauce mini a hanya.

Daga nan gidan Alhaji Sunusi na nufa, kuma na riga na yanke masa hukunci tun a cikin keke. Na ce tsohon nan ya samu bawa ne a arha. Wa zai saki hannu irin na Yaya? Ya bar shi yana tara masa, shi yana zaune a baranda yana cin goro. Na shirya maganganuna na jera su, na ce yau ko amincin Babanmu ba zai hana ni faɗa ba.

A barandar kuwa na same shi, a kan tabarma, rediyo na gefensa. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi, idonsa ɗaya ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi aiki, ya tambayi Ikeja, ya tambayi ko har yanzu ba a kawo masa goron aurena ba. Na haɗiye wannan ma.

“Baba, wata tambaya na zo da ita. Yaya Sadisu ya iya aiki?”

Ya rage muryar rediyon. “Sadisu? 'Yar nan, ai Sadisu ya daɗe da wuce ni. Ko lokacin da idona ke gani ban kai shi tsabtar hannu ba. Ki ba shi cinya ki dawo, ƙashin ko kare ba zai tsaya a kansa ba.”

“To me ya sa ba ka sallame shi ba?”

“Bai nema ba.”

Na ɗauka kunnena ne. “Baba, me ka ce?”

“Bai nema ba. Kullum ina zuba ido ya zo ya ce Baba ina son in tsaya da ƙafata. Har wuƙar da zan ba shi na saya na ajiye, tana cikin ɗaki ta kusa tsatsa. Shiru. Na ce to wataƙila bai shirya ba.”

“Shi kuma yana can yana jiran kai ka faɗa.”

“Ni in faɗa?” Ya dafe ƙirji. “Amanar ubanku? In kira shi in ce tashi ka tafi? Ai kora ke nan. Mutane su ce Sunusi ya ga bayan yaron ya fara ciwo ya yar da shi. Allah ya kiyaye.”

Duk maganganun da na jero suka tsaya mini a wuya, ba wanda zan jefa wa. Da azzalumi na tarar da na ji sanyi. Sai ga mutum biyu masu ƙaunar juna, kullum suna sallar asuba a sahu ɗaya, suna cin abinci a kwano ɗaya, wannan yana jin kunyar ya tambaya, wancan yana jin kunyar ya faɗa, har ƙugun ɗaya ya lalace idon ɗaya ya mutu. Kuma ba su kaɗai ba ne. Na tuna ɗaruruwan sunayen nan da ke allon Madam, kowanne da Babansa da yake jira. Wannan shi ne giɓin da muka auna muka yi masa zane mai launi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na danne na yi masa bayani kamar yadda na yi wa Yaya. Ya gane da wuri, ya fi Yaya ma saurin ganewa. Da na zo kan maganar likita sai ya shiga murza carbi.

“Za a yi,” ya ce. “Juma'ar nan, in an sauko masallaci.”

“Baba, tsakar rana suke rufewa. Kafin a shiga masallaci an gama. Ka kira shi yau ka faɗa masa, magana ɗaya ce.”

“Haba 'yar nan. Shekarun da yaron nan ya yi mini, sai in sallame shi a baranda kamar na sayar da kaza? Sai an gaya wa Sarkin Fawa, an gaya wa dattawa, sun zo sun shaida. Gobe da jibi kowa na kan yanka, ba mai zama. Juma'a ce ranar da ake samun mutane.”

“To da safe.”

“Da safe ana yankan Juma'a. Ki kwantar da hankalinki, tsakanin tsakar rana da saukowa masallaci ai ba wani abu ba ne.”

Na so in ce masa a wurin na'ura wani abu ne, amma ya riga ya ƙara muryar rediyonsa yana murmushi, yana lissafin waɗanda zai aika wa goro.

Na koma wa Yaya da labarin a guje, na ce to ga shi Baba ya faɗa da bakinsa, har ya ce ka wuce shi. Ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Na miƙa hannu don ya ba ni wayar, sai ya girgiza kai.

“Ke ya faɗa wa. Bari ya faɗa a gaban mutane tukuna.”

Na juya na tafi, don abin da ke bakina ba na ƙanwa ba ne.

Washegari na tare Madam Ronke tun ba ta ajiye jaka ba. Na ba ta labarin duka. Ta saurara da gaske, har ta ce abin sha'awa ne, za mu saka shi a rahoto na gaba, a ƙasa, a inda ake bayanin iyakar bincike. Abin sha'awa. Na ce Madam, ƙugun yayana ba zai jira rahoto na gaba ba. Ta ɗauki waya ta kira kamfanin a gabana, wannan kam ta yi ƙoƙari. Suka ce ba mutum ke zaɓe ba, an riga an saita manhajar, da ta rufe za ta tace sunaye ta aika saƙo, haka masu kamfanin suka tsara don kada a ce an yi son kai. Madam ta ajiye wayar ta yi mini sannu da Yarbanci, “Pele, Mastura.” Ta buɗe kwamfutarta ta shiga aikinta.

Ranar Juma'a da hantsi ina zaune a ofis, idona a kan agogo. Sai na tuna ni na buɗe wa Yaya akwatin saƙonsa, na san kalmar sirrinsa. Na ce to tunda kunya ta hana shi, ni ba ni da ita, a bar mini zunubin. Na shiga manhajar da sunansa a kwamfutata. Ta karɓa, sannan ta ce ta aika lambobi zuwa wayarsa, in saka su. Na kira shi.

“Yaya, wani saƙo ya shigo maka yanzu. Karanto mini lambobin.”

Ina jin ƙarar gatari a kan ƙashi a bayansa. Ya ce, “Na gan su.”

“To karanto.”

“Na me ne?”

“Na aiki ne, kai dai karanto.”

“Auta, ni na goya ki. Ba zan karanta ba.”

“Yaya, don Allah. Don Radiyya da yaran. Baba ya riga ya yarda, 'yan awoyi ne kawai tsakani, wa zai sani?”

“Ni zan sani,” ya ce. “Ki zo da wuri, Radiyya ta yi waina.” Ya kashe wayar.

Na zauna ina kallon agogon har ya wuce. Ban yi kuka ba, haushi ya yi yawa da ba zai bar hawaye su fito ba. Na ɗauki jakata na tafi Agege cin waina.

An yi taro kuwa, ba laifi. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Alhaji Sunusi har bakin titi. Mahauta sun yi wanka sun sha fararen kaya, wasu ban taɓa ganinsu ba jini a jiki ba, sai da na kalle su sau biyu. Sarkin Fawa ya zo, dattawa sun zo. Mu mata muna daga cikin baranda. Misbahu ma ya zo da gilashinsa a goshi, ya samu wuri kusa da tiren waina.

Baba ya miƙe da sandarsa. Ya kira sunan mahaifinmu ya yi masa addu'a. Ya ce ga amanar da aka ba shi, yau ya mayar. Ya ce yana shaida wa jama'a Sadisu bai taɓa cin masa ko tsoka ɗaya ba, bai taɓa ɗaga masa murya ba, kuma a hannu ya wuce shi nesa. Ya warware wani tsumma ya fito da wuƙar, an goge ta tana ƙyalli, ya ɗora a tafin Yaya. Ya ce daga yau Sadisu maigidan kansa ne, teburin da ke kusa da nasa ya zama na Sadisu. Yaya yana durƙushe, kafaɗunsa na rawa. Aka shafa fatiha. Radiyya na kuka a gefena.

A cikin raina kuwa lissafi nake. A teburin Baba akwai masu taya shi ɗauko nama daga wurin yanka. A sabon teburinsa shi kaɗai ne, kafin ya samu nasa yaran a kafaɗarsa zai ɗauko.

Ana cikin rabon goro wayar Misbahu ta yi ƙara. Ya duba, ya tashi tsaye da waina a hannu. “Oga Sadisu, ka ga ikon Allah. Kamfanin nan na nama sun kira ni, wai in zo Litinin. Shugaban masu yanka, abeg.” Ya yi dariya yana juya wayar kowa ya gani. “Sai dai in riƙa zuwa kana tuna mini wasu abubuwan.”

“Allah ya sanya alheri,” Yaya ya ce, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Wannan ne ya ƙarasa ni.

Da mutane suka fara raguwa ya taso ya zo bakin baranda, wuƙar na naɗe a hammatarsa. Ya ciro wayarsa ya miƙo mini da hannu biyu, yana ɗan murmushi kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa.

“To Auta, danna yanzu.”

Na karɓa. Na buɗe manhajar na danna. Ko daƙiƙa ɗaya bai ɗauka ba. Na gangara wurin tallan kamfanin, an rubuta an rufe da jan rubutu. Na juya masa ya gani.

“Sun rufe, Yaya. Na gaya maka. Na gaya wa Baba. Wurin da nake nema maka shi ne wanda Misbahu ya samu.”

Baba yana kusa, ya ji. Ya matso da sandarsa. “Sun rufe? Yau ɗin nan dai? To ai abu mai sauƙi ne. Sarkin Fawa bai tafi ba, mu ɗauke shi mu je mu ba mutumin haƙuri. Mu ce masa sha'ani ne ya riƙe mu. Kai yaro, kawo mini babbar rigata.” Ya juyo gare ni da idonsa mai gani. “A ina gidansa yake, 'yar nan?”

“Gidan wa, Baba?”

“Mai rufewar.”

“Babu mutum, Baba. Ba shi da gida. Ba wanda za ka durƙusa wa, ba wanda zai ji kunyar furfurarka. Na'ura ce aka ce mata tsakar rana, ta rufe.” Muryata ta ɗaga har matan da ke bayana suka yi tsit. “Shekara ashirin kuna kallon juna, kai ba ka faɗa ba, shi bai tambaya ba. Abin da ya rage 'yan awoyi ne, su ma sai da kuka cinye su.”

Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Baba ya tsaya da rigar da aka miƙo masa a hannu, bai saka ba, bai mayar ba. Yaya bai tsawata mini ba. Wayar yake leƙe, shi da karatun boko bai dame shi ba.

“Amma dai ya canja ko?” ya ce a hankali. “Yanzu me aka rubuta a ƙarƙashin sunana?”

“Ƙwararre.”

Ya gyaɗa kai, ya maimaita kalmar a bakinsa ba sauti. Ya karɓi wayar ya saka a aljihun gaba. Sannan ya ce bari ya je ya duba sabon teburin kafin la'asar, don gobe da asuba zai fara ɗauko nama. Ya sa ƙafa zai sauka daga barandar, sai da ya dafa bango.